Kiɗan majigin da kika riga kowa sani a Ushafa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa irin wadda kika koya mini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki ce ta fari, Asabe. Akwai maganar da na riƙe tun kina raye, ban taɓa samun bakin yi miki ita ba.

Kin tuna shekarar da motar majigi ta zo Ushafa, tun ba a fara zancen kawo babban birni ƙasarmu ba? Ina da shekara goma sha uku. Bayan magariba suka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Da aka gama nuna mana yadda ake zuba takin zamani, sai mai majigin ya sa wani tsohon fim na Turawa. Ba mu gane labarin ba, kiɗan ne ya kama mu. Wani kakaki ne mai lanƙwasa murya kamar yana zolayar mutum, ƙananan ganguna suna bin sa a hankali, da jita ta shigo sai ka ga kafaɗa tana motsi ba da izinin mai ita ba. Har matan Fulanin da suka kawo nono suka fasa komawa ruga da wuri.

Ni kuwa ke nake kallo. Yatsunki suna buga gwiwarki, kuma ba bin kiɗan suke yi ba, riga shi suke yi. Kin tsaya kafin ya tsaya. Ke da kullum kike cewa iyakar tafiyarki kasuwar Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, da tukwane a kafaɗa.

Da aka tashi, mai majigin, wani dogo mai tabarau, ya tare ki ya ce, "Ba Talatun Kaduna ba ce?" Kika ce, "Kama ce, malam." Amma kin damƙe hannuna har ya yi mini zafi. Washegari Baba ya ce ba mai sake zuwa majigi a gidansa. Bai faɗi dalili ba.

Daga ranar na sa miki ido. Kina ginin tukunya kina rera kiɗan ƙasa-ƙasa, da kin ji motsina sai ki yi shiru. Na dubi tsayina, na dubi Baba da ƙannena duk gajeru, na tuna dogon nan. Inna, abin da na zarge ki da shi ke nan. Shi ya sa na daina zama kusa da ke wurin gini, har na yi aure ban iya fitar da bakin tukunya ba. Kina cewa ƙiwa ce ke damuna.

Sai bayan rasuwarki yayarki Laraba ta gaya mini cewa kafin aurenki kin yi shekara biyu a Kaduna wurin kawunku, kina sayar da gyaɗa a ƙofar silima. Ba ki taɓa shiga ba. Ta bayan katanga kike jin kiɗan kullum, har kika haddace shi. Ta ce ranar majigin nan kika fara ganin hoton da ke tafiya da shi. An ɓoye zancen ne saboda abin da ƙauye zai faɗa a kan yarinyar da ta yi zaman ƙofar silima.

Na tambaye ta labarin dogon nan mai majigi. Ta ce mai yaga tikiti ne a silimar a lokacin, ta tashi ta shige ɗaki. Ban yarda iyakar labarin ke nan ba, ita ma kuwa ta bi ki bara, ba sauran wanda zan tambaya.

Ko mene ne ya faru a Kaduna, naki ne. Da na tambaye ki, wataƙila ki faɗa mini, wataƙila ki zage ni, amma da mun ci gaba da zama a tabarma ɗaya. Na zaɓi shiru, na bar ki kina gini ke kaɗai. Ki yafe mini, Innata.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa wa kanki a nan.

'Yarki,
Asabe