Fallen Ƙarfen da Ya Tsinke

Baba,

Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya maƙera? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka tuna ranar da na tsoma fartanya da zafinta cikin ruwa ta tsage, ka zane ni har sai da Inna ta shiga tsakani? To, a nan aikina ke nan. Narkakken ƙarfe muke fesawa kan faifan jan ƙarfe mai sanyi da ke juyawa da gudu. Kafin ƙiftawar ido ya daskare, ƙwayoyin cikinsa ba su samu sararin girma ba, sai ya fito falle kamar ɓawon albasa, ga ƙarfi, ga kaifi.

Ranar Talata fallen ya tsinke ana cikin aiki, ya koma bulala. Ya zabge hannun abokin aikina har ƙashi, jini har bango. Na fizgo shi ta wuyan riga, sai bakin fallen ya ɗan shafe ni. Da aka kashe injin, shugaban sashenmu ya zo yana ihu: "Uban wa ya kashe inji?" Baba, ban san lokacin da na shaƙe shi ba, mutum uku suka ɓamɓare ni. An ce in huta sati biyu, dama kuwa na gaji.

A sa ni a addu'a. Hoton da Inna ke nema kuwa, ta ƙara haƙuri sai an warware ɗinkin kuncina. In ta matsa, zan turo na gefen dama.

Ɗanka.