Ƙaryar da Na Yi wa Inna

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Maska lafiya lau, ana ta cirar auduga.

Littafin da ka bari nake karanta wa Inna bayan la'asar. Jiya muka kai babin rijiyar aljanu, wadda duk baƙon da ya sha ruwanta yake manta hanyar gidansu. Da matafiyin ya sha, Inna ta ajiye mazarinta ta ce, "Ya koma wurin uwarsa?" Na ce ya koma. Yaya, ka san bai koma ba. Ita tana ta murna, ni abin yana cina.

Ka roƙa mini gafarar Allah, ka gaida yara. Ka zo gida wurin Inna da sallah, ko ƙaryata ta zama gaskiya.

Ƙanwarka,
Ladi