Ba A Wuce Madam

Talata, 14 ga Afrilu 1998

Likita ya ce jinina ya hau. In rage gishiri, in rage fushi, in riƙa motsa jiki. Gishirin na ji. Fushin kuwa, ya zo ya riƙe mini aji mai yara saba'in da huɗu na wuni guda, sannan mu yi magana.

Na faɗa wa Lawali da ya taso daga kanti. Ya ce, "Motsa jiki? Ai bakinki tun asuba yake motsi." Shekara ashirin da uku da aure, wasansa bai taɓa ba ni dariya ba, shi kuma bai gaji ba.

Litinin, 20 ga Afrilu

Kwana biyar ina fita bayan sallar asuba. Wando a ƙarƙashin zane, takalmin baskit na ƙanena. Ina bin hanyar gonakin tattasai har bakin Komadugu. Kogin ya janye, sai rairayi da ƴan kududdufai. Tafiya na fara, yau na ɗan yi gudu. Ƙirjina kamar an zuba garwashi.

Na hango wata yarinya can nesa tana gudu a kan gaɓa, ba takalmi. Ban taɓa ganin mace na gudu haka ba. Da ta gane ni sai ta tsaya cak, ta rusuna ta gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Madam." Kellu ce, ƴar Ajimi manomin tattasai. Na koyar da ita shekara goma da suka wuce. Ba ta motsa ba sai da na yi nisa.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Yau raina ya ɓaci.

Za a yi tseren mata ranar 13 ga Mayu, kilomita biyar a kan godoro, titin kwalta. Wadda ta zo ta ɗaya za a kai ta Damagaram ta yi gudu da sunan Diffa. Bubakar ne shugaban kwamitin, wanda ni na koya masa riƙe alli. Ya zo lakwal, wato makarantarmu, neman ƴan mata, ya ce, "Ke kuma Madam, mun ajiye miki kujera a rumfa, cikin iyaye."

Cikin iyaye. Shekarata arba'in da biyar.

Na ce ya rubuta sunana. Ya yi dariya. Na dube shi. Ya rubuta.

Talata, 12 ga Mayu

Na taɓa karanta labarin wani manzon Girkawa da ya yi gudu ya kai albishir, yana isarwa ya faɗi matacce. Shi aƙalla yana da saƙo. Ni ba ni da komai sai taurin kai. Burina ɗaya: kar in zama ta ƙarshe.

Laraba, 13 ga Mayu

Na zo ta ɗaya.

Na rubuta, na sake karantawa.

Mu ashirin da uku ne. Bubakar ya tsayar da ni a sahun gaba, ya ce girmana ne. Aka busa usur ƙarfe bakwai, rana ta riga ta fara cizo. Na yi ta jiran su wuce ni kamar garken awaki. Shiru. Wajen tashar mota na ji takun ƙafafu dab da ni, wata ta ce, "Sannu, Madam," ban iya amsawa ba. Na ce a raina, yanzu za ta wuce. Ba ta wuce ba. Daga kilomita uku ban ƙara ganin komai ba sai baƙin godoro da farin layi. Bakina ya bushe, cinyoyina sun zama itace, kallabina ya zame ban ko gyara ba. Mata na guɗa a bakin hanya. Wani mai shayi ya ce, "Kai! Tsohuwa ta ƙi!" Zan neme shi.

Na taɓa igiya, na zauna a ƙasa a gaban manyan gari. Aka ba ni kofi da turmin atamfa.

Lawali bai yi wasa ko ɗaya ba. Yana ta kallona kamar an musanya masa mata.

Ƴan matan yanzu ba su da ƙashi, shi ke nan. Na daɗe ina faɗa.

Juma'a, 15 ga Mayu

Mai hoto ya kawo hotuna lakwal. Ni da Fatime, abokiyar aikina, muna dubawa a ƙarƙashin dogon yaro.

Ga ni a gaba, baki buɗe kamar kifin banda na Bosso. A bayana kuma ga su nan. Biyu-biyu. A jere. Tazarar taku uku tsakanina da sahun farko. Kellu na can wajen baya, hannuwanta a sake, ko zufa babu, tana kallon ƙasa.

Na san wannan layin. Ni na ƙirƙiro shi.

Na ce, "Fatime, mene ne wannan?"

Ta yi ta gyara mayafi. Can ta ce, "Yaya Jummai, ke kaɗai ce ba ki sani ba a garin nan. Ashirin daga cikinsu ta hannunki suka bi. Wa zai wuce ki?"

Na ce sauran biyun fa, matan sojan nan baƙi?

"Sun ga kowa ya tsaya a bayanki, sun ɗauka haka ake tsere a Diffa."

Ban san lokacin da na zauna a kan saiwar itace ba.

Asabar, 16 ga Mayu

Minti arba'in da uku na yi. Bubakar ya ce jaki mai ɗauke da buhun tattasai biyu... sai ya haɗiye sauran.

Na je ofishinsa da kofin a cikin leda. Na ce na janye, a kai ta biyu. Sai ga wani abin da ya fi na jiya: a bakin igiya ma da girma suka shiga. Babba ta shiga, ta ƙasa da ita ta bi. Ta biyu Mansura ce mai ƴaƴa huɗu, wadda ta ce ko Maine nan kusa ba ta zuwa, balle Damagaram. Kellu, da yake tana cikin ƙanana, ta goma sha tara.

Na ce, "Kai da ka gani, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Madam, ni ma ɗalibinki ne."

Na buga teburinsa har biro ya faɗi. Ranar Litinin zai aika suna Damagaram. Na ce gobe Lahadi a sake tsere, ko in je gidan rediyo da hoton nan. Ya ce to, Madam. Kullum to, Madam. Yau kalmar ta ƙona ni.

Da la'asar na je gidan Ajimi. Tsakar gida cike da buhunan tattasai, atishawa ta kama ni tun daga zaure. Kellu ta shimfiɗa mini tabarma, ta koma bakin ƙofa ta durƙusa. Na ce ina son sanin dalili.

Da ƙyar ta ce, "Ke kika ce, Madam."

Na ce me na ce?

"Ranar da za mu je allura, ina aji uku. Na yi gudu na wuce ki. Kika sa na yi gwiwa a rairayi har aka tashi. Kika ce yarinya mai tarbiyya ba ta shan gaban manya."

Ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba. Na sa yara gwiwa sun fi ɗari biyar. Ita kuwa ta faɗa mini har launin zanen da na ɗaura ran nan.

Na ce tana son zuwa Damagaram? Uwarta ce ta amsa daga madafa, da Hausarta ta Barebari: "Shekara biyu yana gudu saboda shi. Baba ya yarda, kawu ya yarda. Ya dawo ran Laraba bai ci tuwo ba."

Lawali ya ce abin mai sauƙi ne, gobe in zauna gida su yi tserensu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi masa tsawa. In na zauna gida, Kellu ta ci tsere, amma dokar na nan. Ni na ɗaura, ni zan kwance.

Lahadi, 17 ga Mayu

Ba rumfa, ba manyan gari. Mu goma sha shida, da Bubakar da usur ɗinsa, da Lawali a kan moto, babur ɗinsa, wai ko zan faɗi.

Na tsaya a gaba da kaina. Na juya na ce, "Yau duk wadda ta fi ni gudu ta wuce." Suka ce, "To, Madam."

Aka busa. Muka wuce tashar mota. Na waiga. Biyu-biyu.

Na yi ihu, ku wuce! Suka sunkuyar da kai. Na rage gudu, suka rage. Na tsaya, suka tsaya. Mata goma sha biyar, wasu da aure, tsaye a tsakiyar godoro suna jirana, mai amalanke na zaginmu. Jini ya hau mini kai. Na ji tsoro, ba na mutuwa ba. Tsoron abin da na yi shekara ashirin da biyu ina ginawa ina kiransa tarbiyya.

Sai na tuna. Wuri ɗaya ne yaro ke wuce ni a aji: in na kira shi tablo, wato allo, ni ina tsaye a baya.

Na ja numfashi, na fito da muryar aji. "Kellu Ajimi! Tablo!"

Jikinta ne ya amsa kafin hankalinta. Ta fito daga layi. Da ta zo daidai ni sai ta ɗan rusuna, tana cikin gudu, ta dafa gwiwa, "Gafara, Madam." Daga nan ban san me na gani ba. Ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Kafin in haɗiye yawu ta zama ɗigo a kan hanya.

Na kira sauran ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba, kamar kiran suna da safe. Ban manta ko ɗaya ba. Kowace ta rusuna ta wuce.

Na ƙarasa ni kaɗai, Lawali na bina a hankali da moto. Kellu ta yi minti ashirin. Bubakar ya yi ta girgiza agogonsa, yana cewa ko ya lalace. Ni ta ƙarshe. Da na iso duk suna tsaye a bakin igiya, Kellu riƙe da buta. Na ba ta kofin. Atamfar ban bayar ba, na riga na kai wa tela.

Shekara ashirin da biyu fuskokinsu kawai nake gani. Ban taɓa ganin bayan ɗalibata tana tafiya inda ba zan iya kaiwa ba.

Laraba, 20 ga Mayu

Sunan Kellu ya tafi Damagaram. Jini ya ɗan sauka, likita na ta yabon rashin gishiri. Na bar shi.

Yau mun kai yara allura. Na bi bayan layi. Fatime ta dube ni, na ce daga baya an fi ganin masu surutu. Iyakar dalilin ke nan.

Wata ƴar ƙarama a gaba ta fara tsalle-tsalle, sai ta ruga. Layin duka ya waigo yana jiran muryata.

Takalmina ne ya kwance, na sunkuya ina ɗaurewa. Ya ɗan ɗau lokaci.