Mandolin ɗin Baba ya dishe

Anti Saudat, don Allah ki taimake ni da shawara, kafin ni da yayana mu daina gaisawa a kan katako.

Mahaifinmu ya zo Kano daga kudancin Kaduna yana saurayi, ya yi aikin masaƙa a Bompai har ƙarfinsa ya ƙare. Gadon da ya bar mana shi ne mandolin, wani ɗan molon Turawa mai tsirkiya takwas da wani tsohon fasto ya ba shi. Sassaƙa fuskar molon aka yi, ta ɗan yi tudu kamar bayan ƙwarya. In Baba ya taso aiki, auduga maƙale a gashinsa, ko wanka bai yi ba zai zauna a ƙofar gida yana kaɗawa. Amon garau yake, har abokan aikinsa Musulmi, su Malam Mamman, kan jingine kekuna su saurara. Yanzu a Sharada nake aiki, kuma duk lokacin tashi sai kewarsa ta kama ni.

Tun rasuwarsa abin yana saman kwaba, zafin kwano ya tsaga fuskar. Yayana Obadiya, sarkin karambani, ya ga tsirkiyoyin sun tsinke, sai ya ɗaura masa wayar birkin keke. Fuskar ta lotsa, amon ya koma zizar ƙuda a kwalba. Yanzu kuma ya samo kafintan kujeru a Dakata, wai zai cike tsagar da gam, ya goge da samfefa, ya fesa fenti mai ƙyalli.

Anti, akwai wurin da hannun Baba ya koɗar saboda yawan goga. Mamanmu idonta ya tafi, wurin take lalubowa ta shafa. Ta ce tana so ta ji amon a Kirsimetin nan, ga jikin nata ba ƙwari. In na hana, na hana ta ji. In na bari, an goge mata hannun mijinta. Obadiya ya ce katako nake bauta wa, na wuni ina kuka.

'Yar Sharada mai kewar uba

'Yar'uwata, share hawayenki. Yau ɗin nan ki sassauta wayoyin nan, don su ke danne fuskar, ki kuma sauke mandolin ɗin daga ƙarƙashin kwano.

Obadiya ya yi gyaran gangar Auzinawa, amma ba mugunta ba ce. Shi amon yake kewa, ke kuma hannun, duk uba ɗaya kuke nema. Gaskiyarsa, kayan kiɗa ba na ajiya ba ne. Gaskiyarki, samfefa ba ta da hurumi a nan: kaurin fuskar shi ke ba da amon, in aka kankare ba ya dawowa.

Ku je tare, ku tambayi makaɗan coci-coci a Sabon Gari wanda ke gyara musu jita. A ɗinke tsagar ta ciki, a tallafi fuskar, a sa siraran tsirkiyoyi irin nasa, kada a taɓa fentinsa na asali. Amon ba zai koma daidai na da ba, ku shirya wa hakan.

In gyaran bai kammala kafin Kirsimeti ba, kada ku yi gaggawa. Ku karɓo shi, ku ɗora mata a cinya, hannunta a wurin nan, ku biyu ku rera waƙar da Baba ya fi kaɗawa. Sauran ita za ta ji da kanta.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya bar zumunci.