Mijin Mai Addu'a

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali duka. Yaya ƙafar? Na ji an ce likita ya hana ka doguwar tsayuwa, Ubangiji ya ba da sauƙi. Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu sun yi tsawo har sun fara sa takalmana ba tare da sun tambaya ba. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi, amma in ana maganar abinci tana ji sarai.

Yaya, akwai abin da ke cin raina, kuma in ba kai ba ban san wanda zan gaya wa ba. Ka san tun muna yara nake son wa'azi. Kai ne jama'ata, ina hawa kan akwati kana gyangyaɗi. Allah bai sa na zama fasto ba, na zama kafinta, amma ban taɓa daina ji a jikina cewa ya ajiye mini wani babban aiki ba. Ba na fashin nazarin Littafi Mai Tsarki, layin gaba nake zama, ina jiran ranar da Fasto zai ce in riƙe masa wa'azi ko sau ɗaya.

To, bara ɗan wata maƙwabciyarmu ya kwanta asibiti rai a hannun Allah. Ta shigo gidanmu tana kuka, matata Maman 'yan biyu ta bar wanki, da kumfa a hannu ta riƙe ta ta yi mata addu'a. Yaron ya tashi. Tun daga nan gidanmu ya zama na kowa. In na bar shago na shigo cin abincin rana sai in tarar da takalman mata jibge a ƙofar falo, in ci nawa a tsaye a kicin. Rannan wani direba ya tsaya a ƙofar gidana, gidan da na kafa wa ƙyaure da hannuna, yana tambayata ko na san gidan mai addu'a. Har laɓewa na yi a jikin taga don in ji abin da take faɗa. Yaya, ba wani abu ba ne. 'Yan kalmomi ne, ko aya ba ta jawowa. Na koma shago ina buga ƙusa kamar ita ta yi mini laifi.

Sai ga Fasto da kansa a shagona. Na kakkaɓe garin katako daga rigata, na ce a raina yau ranar ta zo. Ashe izinina ya zo nema, yana so matata ta yi wa ikkilisiya magana ranar Lahadi. Na yi murmushi na ce ai ba komai. Da Lahadin ta zo ta tsaya tana magana, mutane suna share hawaye, ni kuwa ina zaune ina tsintar kurakurai. Da aka tashi kowa yana ba ni hannu wai na yi dacen mata. Muna isa gida ta tambaye ni yadda na gani, da fuskar nan tata ta mai jiran yabo. Na ce mata labarin da ta ce yana cikin Yohanna, a Luka yake. Washegari ta same ni ta ce ta lura abin nan yana yi mini ciwo, ita ba ta roƙi Allah wannan baiwa ba, in ina so za ta gaya wa matan su daina zuwa, gidanta ya fi mata. Yaya, daɗi na ji. Na ce ta bari in yi tunani.

Ana cikin haka ne na saba da wani mai gyaran rediyo. 'Yarsu ɗaya tilo ta rasu, matarsa tana zuwa wurin Maman 'yan biyu, shi kuma yana rako ta amma ba ya shiga, wai ba shi da abin da zai ce wa Allah. Sai ya zauna a bakin shagona. Ranar farko na ga dama ta samu, na fara zuba masa ayoyi, ya miƙe zai tafi, dole na ja bakina. Ya koma ya zauna, ya ɗauki wani guntun katako yana gogewa. Haka ya riƙa zuwa, ko matar ba ta zo ba, yana riƙe mini katako ina yankawa, mu wuni ba mu yi magana mai tsawo ba. Makon jiya ya ce mini ya riga ya haɗa jakarsa zai bar gidan, ya bar matar, don ba ya iya wucewa ta ƙofar ɗakin yarinyar, amma kullum sai ya ce bari ya fara leƙa shago tukuna. Ya tambaye ni ko zan raka shi mu kwance gadonta, don shi kaɗai ba zai iya ba. Muka je muka kwance. Da muka cire katakon ƙarshe ya zauna a ƙasa ya ce in yi masa addu'a. Duk ayoyin da na tara suka gudu. Na dai yi, addu'ar tawa ta fi ta matata gajarta.

Na dawo gida na ce wa Maman 'yan biyu kada ta rufe wa kowa ƙofa, na kuma roƙe ta gafara a kan maganar Luka. Ta yi dariya ta ce ai ta duba, ni ne da gaskiya. Amma kada ka ɗauka na warke. Har yanzu in na ji ana kirana mijin mai addu'a sai in shiga tambayar Ubangiji me ya sa ya ba ta abin da ni na yi shekaru ina roƙo, ni kuma ya zaunar da ni kusa da mutum ɗaya ya ce in yi shiru. Jiya Fasto ya sake zuwa. Yana so ta ƙara yin magana wata mai zuwa, ni kuma in duba mumbarin, wai ƙafarsa ɗaya tana rawa kada ya kife da ita. Zan gyara, kuma zan gyara shi da kyau. Kai dai ka sa ni a addu'a, don hannuna ya yarda, zuciyar ce take jan ƙafa.

Ka gaishe mini da matata ta wurinka, ka ce mata har yanzu ina nan a kan bakana in ta gaji da kai. Ka gaishe da Dogo da Auta, da Gwaggo in ka leƙa ta. Inna da Maman 'yan biyu suna gaishe ku ƙwarai. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne ƙanenka,
Kafinta