Nasa Ma Fes Ya Fito

Auta ƙanina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Allah ya ƙara lafiya ya rufa asiri. Mu nan da sauƙi zan ce, don baki ya saba. Inna tana nan, gwiwar ce dai ke damunta, kuma kullum sai ta tambaya ko autanta yana cin abinci. Na ce mata autan da ya yi furfura har ya aurar da 'ya ai ya san hanyar bakinsa.

Na ɗauki biro ne don na san halinka, in a waya ne kafin in kai tsakiya ka mayar da maganar wasa. Mijina ne, abokin tsokanarka, Mai Fenti. Tarin da ka ji yana yi ranar da kuka gaisa ba na sanyi ba ne. Likita ya ce kansar huhu ce, kuma ta riga ta kai ƙashin baya. Babu maganar tiyata, sai maganin rage ciwo. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji.

Ka san kamfanin da yake yi wa fentin motoci duk shekara suna kawo motar ɗaukar hoton ƙirji har bakin gareji. Shi kuwa in an ba shi nasa, sai ya liƙa a gilashin tagar falo don haske ya ratsa. Da na fara faɗan sigari zai ja hannuna, ya nuna min haƙarƙarinsa, wai in nuna masa inda hayaƙin ya zauna. Bara waccan wata likita ta ce da shekarunsa da yawan abin da ya zuƙa, ya je a yi masa sikanin, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin zobe. Ya ce mai hoto fes a taga me zai je nema. Ya ƙara da cewa an yi wa wani abokin aikinsa, aka ga tabo, ya rame don fargaba, ashe ba komai ba ne. Na yi magana har bakina ya gaji.

Ranar da aka faɗa mana, raina ya ɓaci, na tambayi likitan yadda za a yi hoton bara ya fito fes. Bai ji haushi ba. Ya ce hoton ƙirji inuwa ce kawai, ƙaramin ƙulli yana iya ɓuya bayan haƙarƙari ko bayan zuciya. An bi dubban mutane shekara da shekaru, in ji shi, waɗanda ake yi wa hoton, har da waɗanda aka haɗa musu da gwajin kaki, mutuwarsu ba ta ragu ba. Amma a cikin manyan mashaya da ake yi wa sikanin duk shekara, mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, don ana kama shi tun yana ƙarami. Ya yarda sikanin yakan tayar da hankali a banza, kuma ba kowa yake ceta ba. Ni dai, Auta, da ma fargabar banza muka sha.

Yanzu yana kwance a doguwar kujera, hannun da na saba ji yana warin fenti ya koma warin magani. Da na ba shi labarin wai an yi maka hoton ƙirji a wurin aiki, ya fito fes, har kana cika baki a waya, bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tagar. Sannan ya ce shi ya miƙa maka karan sigari na farko lokacin da kake zaune a gidanmu, kuma ba ya so ya tafi ya ja ka. Ya sa na ɓamɓaro hoton bara, ya ce in haɗa maka da wasiƙar.

Ka gaida maiɗakinka, da Amarya da mijinta, da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ku, Kawu Direba ma ya ce a saka sunansa.

Hoton yana cikin babban ambulan. Ɗaga shi a haske ka duba da kyau, ba za ka ga komai ba. Mai shi ya ce in gaya maka ranar da aka ɗauke shi abin yana ciki. Ka je asibiti ka ce sikanin kake so, Auta. Ba zan iya zaman jinya biyu ba.

Taka,
Yaya Babba