Murhun da Ka Gyara Mini

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangijinka. Har yanzu ina Lewisham, nan ƙasar Turawa, ni kaɗai. Gwiwa ta fara ƙin hawa bene, kuma waɗanda suka san ka a garin nan duk sun koma gida ko sun biyo ka.

Ka tuna shekarun da kuɗin man fetur suka ɓarke, gwamnati ta turo ka karatun lauya, ka taho da ni ban san ko "good morning" ba? Baturiyar da muke haya a gidanta a Deptford ta hana mu girki da daddawa, wai warin na shiga labulenta. Wata uku muna cin burodi da dankali, har na fara kuka a kan faranti.

Sai ka sayo tsohuwar motar nan mai gado da murhun gas a ciki, irin ta masu yawon shaƙatawa, ka ajiye ta a bayan gida. Ka ce, "Ga kicin ɗinki, Hajiya, ba mai ce miki uffan." Ban je Makka ba a lokacin, tsokana ce kawai irin taka.

Amma wutar ta shayi ce, ba ta tuwo ba. Ruwa ya yi ta tsuma ya ƙi tafasa, ni kuwa na dame ka da mita. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, ka karɓi allurata ka faɗaɗa 'yar hudar da gas ke fitowa. Wuta ta tashi, ta bar shuɗi ta koma ruwan ɗorawa, tana baƙanta gindin tukunya. Muka yi ta murna. Ba mu san irin wannan wutar na fitar da guba marar wari ba.

Ranar Lahadin nan bayan azahar ana yayyafi, na ɗora miyar kuka, na ce ka duba mini ita in je kasuwa neman barkono. Na tsaya taya yadi, na daɗe. Da na dawo na same ka a kishingiɗe a cikin motar, littafi a ƙirjinka. Har na fara yi maka faɗa don miya ta ƙone.

Masu bincike sun ce abu biyu ne suka haɗu: an taɓa murhu, an kuma toshe kafar iskar da ke jikin motar da tsumma. Suka rubuta duka a kanka. A gida ma 'yan'uwanka suka ce karambaninka ne ya ja maka, an ce ka yi karatu ka koma makanikanci.

Malam, ba kai ka toshe ba. Ni ce. Da safen ranar wata maƙwabciya ta toshe hanci tana nuna motar, kunya ta kama ni, na yago bakin tsohon zanena na cusa a kafar don kada ƙamshi ya fita. Tafinta ya fassara mini komai a gaban masu binciken, na gane sarai, na sunkuyar da kai na yi shiru. Tsoro nake ji a ce na kashe mijina. Shi ya sa ban koma gida ba, ba zan iya kallon idon Inna mahaifiyarka ba, har ta rasu tana ce maka mai taurin kai.

Ina kewarka, abokin tsokanata. Ba wanda na ƙara yi wa mita tun bayanka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya gafarta mana baki ɗaya. Na aika wa ƙannenka biyu da suka rage wannan takarda, su karanta wa 'ya'yansu, ko me za su ce da ni. Kai ma ka yafe mini.

Taka har abada,
Matarka da ta bar ka da laifinta.